Jaririn Da Aka Haifa Babu Mazakuta: Ɓoyewa Ita Ce Hatsari

Daga cikin lahanin da jarirai kan zo duniya da shi akwai wani mai wuyar samu ƙwarai, wato a haifi ɗa namiji da marainansa daidai amma babu mazakuta ko kaɗan. Likitoci sun ƙiyasta cewa jariri ɗaya ne ke zuwa haka cikin haihuwa miliyan 10 zuwa 30.

Abin yana samo asali tun makonnin farko na ciki, yayin da tsiron naman da zai zama mazakuta ya kasa tohowa. Ba sammu ba ne, ba kuwa laifin uwa ba. Fitsarin irin wannan jariri yakan fito ta kusa da dubura ko ta cikinta, inda ƙwayoyin cuta ke samun hanyar hawa zuwa ƙoda. Wannan shi ne abin da ke barazana ga ransa tun kafin ranar suna.

A da likitoci kan cire marainan a raini yaron a matsayin mace, amma da yawansu da suka girma sun ji a ransu cewa su maza ne. Yanzu an fi karkata ga fara gyara hanyar fitsari, daga baya a gina mazakuta da fatar jikin yaron.

A Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'a da ke Lamingo yana da likitocin fiɗa na yara. Can ya kamata iyaye su garzaya, kada kunya ta sa su rufe ɗaki.