Bambancin Farashin Kayan Gyaran Babura Tsakanin Katsina da Maraɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilan da kan sa kayan gyaran babur iri ɗaya su yi farashi biyu a Katsina da Maraɗi. An nuna cewa darajar kuɗi da hanyar shigo da kaya da matakin ingancinsu su ne ke haifar da giɓin, kuma arahar da mai riƙe da sefa ke gani a kasuwar Katsina ita ce tsadar da mai karɓar naira ke kuka da ita.

1.0 Gabatarwa

Tazarar da ke tsakanin birnin Katsina da Maraɗi ba ta wuce kimanin kilomita 90 ba, idan aka bi ta Jibiya aka tsallaka zuwa Ɗan Isa. Harshe ɗaya ake ciniki da shi a garuruwan biyu, akwai auratayya, kuma babur ne abin hawan talaka a kowannensu: ɗan acaba a wannan ɓangare, ɗan kabu-kabu a wancan. Daga Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya zuwa ƙananan baburan Sin da ake kira roba-roba, mafi yawan kayan gyaransu daga masana'antun Asiya suke fitowa. A ƙa'idar masana tattalin arziki, kaya iri ɗaya a kasuwanni biyu makusanta ya kamata farashinsu ya daidaita, domin fatake za su yi ta kwasa daga inda yake da araha zuwa inda yake da tsada har giɓin ya toshe. A wannan iyaka giɓin bai taɓa toshewa ba, sai dai ya faɗaɗa ko ya tsuke.

2.0 Naira da Sefa

Babban tushen bambancin shi ne kuɗin da ake ciniki da su. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 kowace yuro ɗaya, kuma rabonta da karyewa tun Janairun 1994 lokacin da aka zabge rabin darajarta. Naira kuwa ta sha faɗuwa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a hukumance zuwa sama da 700, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta kai wajen 1,500.

A ɗauka, don misali kawai, akwai wani kayan gyara da ake sayowa a kan dala 2 daga masana'anta. Ɗan kasuwar da ya sayi dala wurin 'yan canji a farkon 2023, a kan kimanin naira 750, ya biya naira 1,500. Bayan shekara guda sai ya biya 3,000. Takwaransa na Maraɗi a duka lokutan biyu sefa 1,200 ko kusa da haka ya biya, domin dala ba ta yi nisa da sefa 600 ba. Ga shi kuma canjin da hukumar kwastan ta Nijeriya ke lissafin haraji da shi ya bi sahun na hukuma, ya ninka fiye da sau uku a wannan tsakani.

A nan ne ake yawan yin kuskuren fahimta. Tun da ana sayo kayan da dala, faɗuwar naira ba ta sa su yi araha na dindindin ga mai sefa. Abin da ke faruwa shi ne jinkiri. Kayan da ke kan kanta an sayo su da tsohon canji, kuma kuɗin hayar shago da ladan yaran shago da kuɗin dako duk da naira ake biyan su, ba sa tashi rana ɗaya da dala. A cikin makonni ko watannin wannan jinkiri, jaka ɗaya ta sefa da a da take canzuwa zuwa naira 1,200 da ɗoriya ta koma tana kawo kusan ninkin haka, alhali farashin kanta bai gama ninkawa ba. Mai zuwa daga Maraɗi sai ya ga garaɓasa. Ɗan acaban Katsina, wanda fasinjansa ba zai yarda a ninka masa kuɗin hawa dare ɗaya ba, kuma cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023 ya riga ya cinye ribarsa, shi ne ke jinkirta sauya takalmin birki ko sarƙa har sai sun kai shi ga hatsari ko ajiye babur.

3.0 Hanya da Haraji

Nijar ba ta da gaɓar teku. Shekaru da dama tashar Kwatano ce ƙofarta, har kalmar ta shiga Hausa: ɗan kwatano na nufin kayan da aka yi amfani da su a waje aka shigo da su. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda attajiran garin suka gina dukiya a kan kayan da ke ratsa Nijar su faɗa Nijeriya. Kayan gyaran babur sababbi kuwa sun fi bin akasin wannan hanya. Girman kasuwar Nijeriya ya sa dillalan Legas da na Nnewi ke sayo su da kwantena-kwantena, su sauke a Kano, daga nan su watsu zuwa Katsina da ƙetaren iyaka. Mai sayen da yawa yana samun sauƙin da mai sayen kaɗan ba ya samu.

A takarda, harajin shigo da kaya bai kamata ya bambanta sosai ba, domin tun Janairun 2015 ƙasashen ECOWAS suka fara aiki da jadawalin haraji na bai-ɗaya mai hawa biyar: kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari. Amma harajin ciniki na cikin gida ya sha bamban, kashi 7.5 a Nijeriya tun Fabrairun 2020, kashi 19 a Nijar. Sannan akwai abin da ba ya shiga takarda, wato kuɗin da ake zubarwa a shingayen hanya, wanda a ƙarshe mai saye ne ke biyan sa.

Siyasa ma ta sa hannu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai ya jawo wata rufewar har zuwa Maris na 2024. Iyakar Nijar da Benin ta ci gaba da zama a rufe bayan nan, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari, kuma a Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS. Rufe iyaka bai hana kaya tsallakawa ba. Ya dai mayar da su ɓarauniyar hanya, a bayan babura, da ƙarin lada. A cikin gida kuma, dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sanya wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi.

4.0 Suna Ɗaya, Kaya Daban

Akwai tarko ga duk mai kwatanta farashi a kasuwannin nan. Fulogi ko fistin ko kafireto ɗaya kan zo hawa-hawa: na kamfani da ake kira orijina, da mai bi masa, da jabu wanda kwalinsa ke kama da na asali, da kuma na hannu da aka ciro daga mataccen babur. Idan naira ta faɗi, ɗan kasuwa ba kullum yake ƙara farashi ba, wani lokaci hawan yake saukewa ya bar farashin a inda yake. Mai saye sai ya zaci kaya ba su tashi ba, har sai bakanike ya sake kwance injin bayan wata biyu.

Harshen cinikin kansa abin lura ne ga manazarcin Hausa. Abin da Bakatsine ke kira fulogi, daga Ingilishi, shi mutumin Maraɗi ke kira buji, daga Faransanci, kamar yadda babur ko mashin ke zama moto. Lissafin kuɗi ya fi wannan rikitarwa. A Nijar da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5, saboda haka "ɗari" a bakin mai shago sefa 500 ce, jaka kuma sefa 1,000, wato dala 200. A Nijeriya jaka naira 200 ce, gadon fam 100 na kafin 1973. Mai tattara bayanai da ya ji "ɗari biyar" a Maraɗi ya rubuta 500 a littafinsa, ya rage farashin sau biyar, domin sefa 2,500 aka faɗa masa.