Kalmomin Turanci Masu Sa Rai Da Ƙarfafa Zuciya

Yanzu da Allah ya nufe ka da sanin baƙi da wasali, lalle wata rana takarda za ta zo hannunka da Turancin Ingilishi a ciki, ko daga ofis, ko daga asibiti, ko daga makarantar da ɗanka ya ke. Ko ba kai za ka karanta ta ba, wani zai karanta maka. To, akwai waɗansu kalmomi nasu masu daɗin ji, waɗanda su kan faɗa in suna so su ce abu ya nuna alamar alheri. Su na ke so in warware maka, gama na ga an yi hasara a kansu.

Wata shekara ina aikin akawu, wani mutum ya zo mini da wasiƙa naɗe cikin hularsa. Ya nemi aikin gadin sito ne a wani kamfani, aka amsa masa cewa an duba takardarsa an ga ta “promising”, amma ya dakata sai ya ji daga gare su. Wani yaro ɗan makaranta ne ya fara karanta masa. Yaron ya san “promise” alkawari ne, sai ya ce, “Baba, ai sun yi maka alkawari.” Mutumin ya sayar da jakinsa ya yi guzuri, ya bar gonarsa ana tsakiyar noman fari, ya yi tafiyar kwana biyu. Da na karanta, sai na rasa ta inda zan fara gaya masa. Aikin kuwa wani aka ba.

Yaron bai yi ƙarya da gangan ba. Gaskiya ne “promising” daga “promise” ta fito, amma a nan ba mutum ne ya ɗauki alkawari ba, abin ne da kansa ya nuna alama. Gero da ya yi kore shar cikin watan Yuli, shi ne “promising”. Kai manomi kuwa ka san abin da ke tsakaninsa da rumbu: akwai fari, akwai fara, akwai tsuntsu. Shi ya sa mu ke cewa yabanya Allah ya fisshe ki fari. Haka nan in malamin makaranta ya rubuta wannan kalma bisa ɗanka, yabanya ya ke nufi. Yaron yana da kai, za a ci moriyarsa in ya dage, amma ba a ce ya ci jarrabawa ba tukuna.

Sai “encouraging”, wadda ta fi dukansu yawo cikin takardu. A cikinta akwai “courage”, watau ƙarfin hali, tushenta kuwa kalma ce ta bakin Rumawan dā mai ma'anar zuciya. Ta hanyar Faransanci ta shiga Turanci. A shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin Nomandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama bakin fada da na shari'a shekara wajen 300, kalmominsa suka kwarara cikin bakin mutanen ƙasar, kamar yadda Larabci ya ba mu alƙali da hukunci da littafi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatun Faransanci za su gane ta nan take. Akwai kuma “heartening”, daga “heart”, ita ma zuciya, amma wannan ta Ingilishi ce gangariya. Ma'anarsu kusan ɗaya ce. Ka ga abin mamaki: su zuciya kaɗai su ke ƙarfafa wa mutum, mu kuwa mun haɗa har da gwiwa, ni a ganina namu ya fi, gama da gwiwa a ke tashi a koma aiki.

A bakin likita za ka fi jin ta, nan ne kuma haɗarinta ya ke. In ya ce abin da ya gani “encouraging” ne, nufinsa magani ya fara kama jiki, a ci gaba da shi. Bai ce a kwashe majiyyaci a koma gida a watsar da sauran ƙwayoyi ba. Ciwo irin su tarin fuka, wanda maganinsa ya kan ɗauki wata 6, a daidai wannan gaɓa ne mutane su kan yanke, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na dā.

Ka lura da wutsiyar kalma. In ta ƙare da “ing”, abin a ke siffantawa, watau labarin ko alamar. In ta ƙare da “ed”, kamar “encouraged”, mutumin ne wanda gwiwarsa ta yi ƙarfi. In kuwa ka ga “dis” a gaba, “discouraging”, magana ta juye ta koma sanyaya gwiwa.

Yanzu ga “hope” da 'yarta “hopeful”. Turawa suna da tsani mai matakai uku. “Wish” fata ce ko buri, ko da abin ba mai yiwuwa ba ne. “Hope” sa rai ne ga abin da ya yiwu ya auku. “Expect” kuwa tsammani ne mai ƙarfi, irin na wanda ya ga hadari ya haɗo gabas. “Hopeful” tana matakin tsakiya, kishiyarta “hopeless”, abin da aka fid da rai gare shi. Mu da muka yi makarantar Mishan “bege” aka koya mana, domin ita masu juya Littafi Mai Tsarki na 1932 suka zaɓa. Da na fito aiki sai na tarar a kasuwa bege marmarin wanda ba ya nan ne. Tun daga ran nan in ina juya wasiƙa sa rai na ke rubutawa.

Akwai wani tsinin ƙasa kusa da ƙurewar Afirka ta kudu da Turawa ke kira “Cape of Good Hope”, watau tsinin kyakkyawan sa rai. Wani matuƙin jirgin ruwa na Fotugal, Batolomiyo Diyas, ya kewaye shi a 1488. An ce shi tsinin hadari ya kira wurin, Sarkinsu ne ya sāke sunan, don yana sa rai an sami hanyar ruwa zuwa Indiya. Sa ran nan bai cika ba sai 1498, sa'ad da Basko da Gama ya isa can, shekara 10 ke nan. Shi Diyas kuwa hadari ya nutsar da jirginsa a tekun nan a 1500, bai taɓa ganin Indiya ba.

Sauran ba su da wuya. “Reassuring” mai kwantar da hankali ce, ba a faɗinta sai inda tsoro ya riga ya shiga. “Cheering” mai faranta rai ce kurum, ba ta ce kome game da gobe ba. “Auspicious” ta masu jawabi ce ran buɗe sabon gini, asalinta duban tashin tsuntsaye da Rumawa su kan yi kafin su fita yaƙi. Kada ka sa ta cikin wasiƙarka, za a san aro ka yi.

To, in an karanta maka takarda ka ji ɗaya daga cikin waɗannan, ka ce wa mai karatun ya sāke bi a hankali ya nemo maka waɗansu huɗu: “approved”, an yarda, “appointed”, an ɗauke ka aiki, “passed”, ya ci, “cured”, ya warke. Ya duba kuma ko an sa ranar zuwa, da yawan albashi, da hannun mai ofis. Wasiƙar mutumin nan mai jaki na duba ta gaba da baya, sa hannu kaɗai na samu.