Talakawan Tseren Babur A Ingila: Gudu Da Lissafi

Idan aka ce tseren babur a ƙasashen Turai, yawancinmu sai mu tuna da gwanayen da ake nunawa a talabijin, waɗanda manyan kamfanoni ke kashe wa miliyoyin kuɗi. Amma a bayansu akwai wasu da ba a cika jin labarinsu ba. Kanikawa ne da direbobi da magina da malaman makaranta, waɗanda ke neman abinci daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarshen mako kuma su ɗora babur a bayan tsohuwar mota su nufi filin tsere. Ba albashi, ladan kuma sau da yawa ɗan kofi ne kawai.

A Ingila wannan al'ada ta daɗe. An buɗe filin tsere na Brooklands a 1907, a nan kuma aka kafa ƙungiyar masu tseren babur da ake kira Bemsee a 1909. Har yau tana shirya wa 'yan sha'awa gasa a filaye irin su Brands Hatch da Cadwell Park da Snetterton. Shi Snetterton filin jiragen sama ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Dukansu hanyoyi ne masu zagaye, a killace, babu mota, babu mai tafiya a ƙasa.

To yaya mai ƙaramin ƙarfi ke shiga? Ƙungiyoyin sun ware rukuni na babura masu araha. Akwai na MZ, babur mai injin 250 da aka riƙa ƙerawa a garin Zschopau na tsohuwar Jamus ta Gabas domin zuwa wurin aiki. Akwai na Honda CB500, da wanda Suzuki SV650 ya fi yawa a ciki. Doka ta iyakance gyaran da za a yi wa inji, don kada mai kuɗi ya sayi nasara. Saboda haka gwaninta ce ke raba gardama.

Sayen babur ɗin ma shi ne mai sauƙi. Abin da ke cin aljihu shi ne kuɗin shiga gasa, da taya, da mai, da tafiya, da gyara bayan faɗuwa. Don haka mutum shi ne bakaniken kansa. Yana sayen tayoyin da masu hali suka ɗan yi amfani da su, ya kwana cikin mota ko tanti, ya dafa abincinsa. In wani ya faɗi, abokan hamayyarsa ne ke ara masa kayan gyara don ya fito gobe.

Sai dai akwai inda ba a yin tsimi. Kafin a shiga fili dole a sami lasisi daga hukumar ACU, bayan horo da gwajin ido. Sabon shiga yana sa riga mai ruwan goro don a gane shi, har sai ya gama tsere 10 a filaye 3 dabam-dabam. Kafin gasa masu bincike suna duba babur da tufafi: an cire fitila da madubi, an ɗaure murfin bakin mai da waya don kada ya kwance ya malala a hanya, hular kwano mai inganci ce, rigar fata kuma ta rufe jiki duka. A kowace kwana akwai 'yan sa kai da tutoci. Rawaya na nufin haɗari a gaba, ba a wuce kowa; ja na nufin an tsayar da tsere. Likita da motar asibiti suna nan a shirye. Duk da haka ana karyewa, wani lokaci har a rasa rai, kuma akwai waɗanda bashi ya kore su daga wasan.

Wannan ya tuna mana da misalin da Ubangijinmu Yesu ya bayar a Luka sura 14, na mai son gina hasumiya wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. Ɗan tseren da ya daɗe a fili shi ne wanda ya ware kuɗin gida tukuna, abin da ya rage ya kai wa babur.

'Yan'uwa, mu ma muna da samari masu son gudu. Muna ganinsu a rakiyar amarya, suna tashin kan babur a tsakiyar titi, ba hula, yara na tsallakawa. Wasunsu 'ya'yan ikilisiyoyinmu ne, kuma babur ɗin ma na ubangida ne. Talakan Ingila yakan haƙura da sabon fenti, amma ba ya haƙura da hula. Iyaye da shugabannin matasa, kafin bikin gaba mu zauna da yaranmu mu yi wannan lissafi tare: nawa ne hular kwano, nawa ne ɗorin ƙafa, wa kuma zai ciyar da gida in suka kwanta? Allah ya tsare mana su.