Baƙin da ke Zaune Cikin Tsirrai da Neman Sabon Magani

A shekarar 2019 mutane kimanin 1,270,000 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin bakteriya waɗanda suka daina jin magani, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Don haka masana suka bazu neman sababbin magunguna. Ɗaya daga wuraren da suka dosa shi ne cikin jikin tsirrai.

Mai karatu zai iya zaton ganye lafiyayye babu kowa a cikinsa. Ba haka abin yake ba. Kusan duk tsiron da aka bincika an iske ƙananan halittu, wato bakteriya da dangin funfuna, zaune a tsakanin tsokar ganye, da ɓawo, da saiwa, ba tare da sun jawo masa ciwo ba. Su ake kira endofait, ma'ana "na cikin tsiro", sunan da masanin Jamus Anton de Bary ya yi amfani da shi a 1866.

Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Tsiro ya ba baƙo abinci da mafaka, shi kuma baƙo ya riƙa fitar da sinadarai masu korar ƙwari da kashe ƙwayoyin cutar da suka zo kutse. Waɗannan sinadarai su ne masana ke nema.

Hanyar kamo su ba ta da wuya. Sai a wanke bayan ganye da sifirit da ruwan bilic don kashe duk abin da ke manne a waje, a yayyanka shi, a ɗora bisa abincin renon ƙwayoyi a cikin faranti mai murfi. Bayan 'yan kwanaki, abin da ya tsiro daga bakin yankan daga ciki ya fito. Daga nan a tace sinadarinsa a gwada shi a kan ƙwayoyin cuta.

Alal misali, Gary Strobel na Jami'ar Jihar Montana a Amurka ya samo wata funfuna a reshen itacen kirfa a ƙasar Honduras, aka sa mata suna Muscodor albus a 2001. Tururin da take fitarwa kaɗai yana kashe bakteriya da funfuna iri-iri. A 2002 kuma shi da abokan aikinsa suka bi sawun 'yan asalin Ostareliya, waɗanda ke warkar da rauni da wani tsiro mai yaɗo. A cikinsa suka sami bakteriyar Streptomyces mai yin sinadarin munumbicin, wanda a ɗakin gwaji ya hana ƙwayoyin tarin fuka da na zazzaɓin cizon sauro yaɗuwa.

Amma fa kashe ƙwaya a faranti daban, warkar da mutum daban. Wani sinadarin guba ne ga jiki. Wata funfunar kuwa da zarar an raba ta da uwar ɗakinta sai ta daina yin sinadarin. Wanda ya kai gaci shi ne enfumafungin, da aka ba da labarinsa a 2000 daga funfunar ganyen wani itace a ƙasar Sifen. Sai da aka yi ta gyara shi kafin hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ibrexafungerp a 2021, don maganin ƙaiƙayin gaba na mata. Shekara 21 ke nan.

Darasin Ostareliya ya shafe mu. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna amfani da sabara, da marke, da maɗaci. Abin tambaya ga ɗalibanmu shi ne: maganin na itacen ne, ko na baƙon da ke cikinsa? Idan na baƙon ne, ana iya renonsa a tulun masana'anta ba tare da an sassaƙe ɓawon itace har ya mutu ba. Kuma duk irin itacen da gatari ya ƙarar, to ya tafi da baƙinsa tun ba a san amfaninsu ba.