Neman Gidan Haya a Abuja Bayan Bautar Ƙasa

Matashin da ya gama bautar ƙasa ya samu aiki a Abuja yakan fara da kwana a falon wani ɗan'uwa ko abokin makaranta. Mako biyu ko uku, sai ya fara ganin alama a fuskar matar gidan, ya fita neman dillali. A nan ne da yawa suke tafka asarar farko ta rayuwar aiki, domin kuɗin da dillali ya faɗa a waya ba shi ne abin da gida zai ci ba.

Tun da aka mayar da gwamnatin tarayya Abuja a Disambar 1991, tsakiyar birnin, wato Maitama, Asokoro, Wuse da Garki, ya zama na manya da ofisoshi. Ƙaramin ma'aikaci wurin zamansa Kubwa, Lugbe, Dutsen Alhaji, Karu, Nyanya, Kuje ko Gwagwalada. Wasu ma sukan tsallaka zuwa Mararaba a jihar Nasarawa ko Suleja a jihar Neja. Duk nisan da ka ƙara, haya na sauka, kuɗin mota na hawa.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce an ce maka ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki naira 600,000 ne a shekara. Haya a nan ta shekara ce cif, a biya kafin a ba ka makulli, wani mai gidan ma ya ce sai ta shekara biyu. Dillali zai karɓi la'adarsa, galibi kashi 10 cikin 100. Lauyan da ya rubuta yarjejeniya shi ma yakan nemi kamar haka. Sai kuɗin ajiya don abin da za ka iya lalatawa, a ce 50,000. Jimla 770,000 ke nan, daidai da albashin wata 11 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ba a sa katifa ba, ba tukunyar gas, ba labule.

Sai abin da ya fi cin mutum a hankali, wato hanya. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Mai zama Mararaba ya san cunkoson hanyar Nyanya zuwa AYA da safe: wasu sallar asuba kawai suke yi su fito, kuma ba sa komawa gida sai bayan isha'i. Saboda haka kafin ka biya, tashi daga ƙofar gidan ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe ka nufi wurin aikinka, ka ƙirga kuɗin da lokacin, ka ninka da kwanakin aiki na shekara. Sau da yawa ɗakin da ya fi tsada kusa da ofis shi ne mai araha. Dillalai sun fi son kai mutum ganin gida ranar Asabar da rana, lokacin da titi fayau yake.

Idan ka shiga gidan, bar kallon fenti. Sabon fenti a ƙasan bango sau da yawa rufa-rufa ce ta danshi. Duba ko akwai alamar ruwa a silin, ka tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina, don an ga ambaliyar da ta shafi wasu rukunin gidaje a Lugbe a 2023. Buɗe famfo da hannunka. Idan babu ruwan gwamnati, akwai rijiyar burtsatse? Wa ke biyan kuɗin jawo ruwan? In kuwa 'yan garuwa za ka dogara da su, sa kuɗin jarkokin cikin lissafi. Mai shayi ko mai kanti na bakin layi zai gaya maka gaskiyar unguwa fiye da dillali, tunda shi ba la'ada yake jira ba.

Wuta kuma tana da nata tarko. Nemi gida mai mitar kati, wadda kai kaɗai ke amfani da ita. Mita ɗaya ga 'yan haya shida hanyar rigima ce duk ƙarshen wata, musamman idan wani na da injin daskarar da ruwa. Ka kuma tabbatar babu tsohon bashin wuta a kan mitar, domin duk lokacin da ka sayi kati za a riƙa cire bashin wanda ya tashi daga kuɗinka.

Masu damfara sun san baƙo daga tafiyarsa. Za su sa hoton gida mai kyau a Facebook ko WhatsApp, su ce mutane na layi, ka turo wani abu a riƙe maka. Kada ka tura ko sisi a kan gidan da ba ka taka ba. Nemi ganin mai gidan ko wakilinsa na zahiri, ka biya ta banki cikin asusun da sunansa ya yi daidai da na yarjejeniya, ka karɓi rasit. A Abuja akwai ƙarin tambaya guda: ginin yana kan fili mai izini? Rusau ba sabon abu ba ne a nan tun zamanin ministancin Nasir El-Rufai, daga 2003 zuwa 2007, kuma motar rusau ba ta tambayar ɗan haya saura wata nawa kuɗinsa ya ƙare.

Gwauro zai ji "ba ma ba marar iyali", mace marar aure kuwa ta fi shan wannan. Abin haushi ne, amma zuwa da katin wurin aiki, ko da wani babba da zai tsaya maka, yakan sassauta mai gida.

Yarjejeniyar kuma a karanta ta layi-layi kafin sa hannu: wa ke gyaran rufi, yaushe za a iya ƙara haya, yaya za a dawo da kuɗin ajiya. Ɗauki hoton kowane ɗaki ranar da ka shiga. A dokar Babban Birnin Tarayya, ɗan haya na shekara yana da haƙƙin notis na wata shida kafin a tashe shi, na wata-wata kuma wata ɗaya, sai dai idan takardar da ya sa wa hannu ta tanadi wani wa'adi daban. Wasu lauyoyin masu gida sukan rage shi zuwa wata ɗaya ko uku a shafi na biyu, inda mai ɗokin karɓar makulli ba ya kaiwa.