Nassarawa ba Bature ne ya sare ta ba

Idan hira ta biyo ta kan Nassarawa GRA da ke Kano, sau da yawa za ka ji ɗan cikin gari ya ce ai can ba unguwa ba ce, bariki ce da Turawa suka yanka wa kansu, ba tarihi, ba zumunci, kowa ya ja ƙyaurensa ya kulle. Masu wannan magana ba su rasa hujja ba, don katangun can dogaye ne, kuma mutum kan shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. Sai dai ina ganin 'yan'uwana sun yi saurin yanke hukunci.

Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, Nassarawa gandun Sarki ce, da gidansa na shan iska a bayan ganuwa. Turawa tarar da wurin suka yi, suka sauka a gefensa. A nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma gidansa na ƙasa yana tsaye har gobe. A gidan Sarki na Nassarawa aka binne Sarki Abbas, shi ya sa ake ce masa Maje Nassarawa, a nan kuma aka kai Alhaji Ado Bayero makwancinsa a 2014. Ƙasar da ke riƙe da kaburburan sarakuna, ta yaya za a ce ba ta da asali? Hawan Nassarawa ma shaida ne: Sarki ya ziyarci magabatansa, sannan ya zarce Gidan Gwamnati, duk a wannan yanki.

Batun zumunci kuwa, ina jin daga cikin mota ake leƙensa. Mai son gani ya sauka ya taka da ƙafa bayan la'asar, ya ga masu gadi da direbobi sun kewaye teburin mai shayi, kowa ya san wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya tafi ganin gida. Su ma 'yan unguwa ne, ko da sunansu ba ya kan takardar fili. Idan aka kira magariba a ƙananan masallatan ƙofar gida, maigida da mai ban ruwan fulawarsa sahu ɗaya suke tsayawa. Da azumi kuwa, sai ka je masallacin Al-Furƙan da ke titin Alu lokacin tafsiri, ka ga ko za ka sami wurin ajiye mota.