Zaman 'Yan Mishan a Ƙasar Kontagora

'Yan mishan su ne Kiristocin da majami'unsu ke turawa wata ƙasa domin su zauna cikin mutanenta, su koyi harshensu, su yi musu wa'azin bishara. Waɗanda suka zauna a ƙasar Kontagora da maƙwabtanta, wato Zuru da Yawuri da Borgu, yawancinsu daga Kanada da Amurka da Ayilan suka fito, kuma yau shekara ɗari ke nan da ɗoriya tun kafa gidajensu na farko a yankin. Wanda ya ji sunan aikin zai ɗauka wa'azi ne safe da yamma. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan kwanakin ɗan mishan a wajen neman ruwa da gyaran rufi da jinyar marasa lafiya da lanƙwasa harshe suka tafi, kuma ta wannan zaman na yau da kullum ne mutane suka auna shi, suka karɓe shi ko suka juya masa baya.

Haɗuwar farko ba ta yi daɗi ba. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan. Bingham ya kwanta rashin lafiya ya tsaya a baya, sauran biyun suka nausa arewa. Labaran mishan sun ce a Girku, kusa da Zariya, Gowans ya faɗa hannun rundunar Sarkin Sudan na Kontagora da ta fito yaƙi, aka ƙwace kayansa, daga baya aka sake shi. A 1894 ya rasu a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida cikin shekarar. Cuta ce ta kashe su, ba takobi ba. Bingham da ya tsira shi ya ci gaba da ƙungiyar da aka sani da SIM, wadda daga cikinta majami'ar ECWA ta fito a 1954.

Abin da ya buɗe hanya, kuma ya shata mata iyaka, shi ne zuwan mulkin Turawa. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kontagora wajen 1864, kuma a farkon 1901 sojojin Ingila suka ci garin a zamanin ɗansa Ibrahim. Gwamna Lugga ya yi wa sarakunan Musulmi alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka gwamnati ta riƙa hana 'yan mishan kafa gida a biranen sarakuna, tana nuna musu ƙauyukan masu addinin gargajiya. Ƙasar Kontagora kuwa tana da irin waɗannan al'ummu da yawa: Kambari da Dukawa da Kamuku, sai Dakarkari a wajen Zuru. Da yawansu sun sha hare-hare a ƙarni na 19, suna ɗari-ɗari da duk abin da ya fito daga birni. Wannan tsari ne ya sa har gobe majami'un asali na yankin suka fi yawa a karkara, yayin da na cikin gari suka fara da ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu.

Ƙungiyar da ta fara zama da gindinta ita ce wadda aka fi sani da UMS. Wani mutumin Kanada, Alexander Banfield, ya kafa tasharta ta farko a Tsonga ta ƙasar Nufe a 1905, kuma shi ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Daga can aikin ya hau Jabba da Mokwa, a shekarun 1920 ya iso Salka cikin Kambari da Zuru cikin Dakarkari, daga baya Yelwa da Tungan Magajiya, inda aka gina asibiti da makarantar Littafi Mai Tsarki. Majami'ar UMCA, mai hedikwata a Ilori, ita ce magajiyar wannan aiki. 'Yan Baftis na kudancin Amurka sun buɗe asibiti a garin Kontagora, su kuma limaman Katolika na ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, suka shigo da nasu tsarin, yawancinsu 'yan Ayilan.

Tafiyar kanta aiki ce. Mutum zai hau jirgin ruwa na kusan mako biyu daga Ingila zuwa Legas, ya shiga jirgin ƙasa da ke bi ta Jabba da Zungeru, sannan ya sauka ya nemi mota in akwai, in babu sai doki ko keke ko ƙafa, 'yan alaro na biye da akwatuna. Da damina rafuka kan cika su yanke hanya, wasiƙar gida ta yi wata da watanni kafin ta iso. Dokar Turawa ta lokacin ta ce Bature ya gina gidansa aƙalla yadi 440 daga gidajen 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓi. Shi ya sa gidan mishan yakan kasance a bayan gari, sau da yawa a kan tudu: ginin ƙasa mai kauri, rufin ciyawa da daga baya ya koma kwano, da faffaɗar baranda. Wannan tazara ta yi wa aikin illa, domin wanda ya zo neman zukatan mutane ga shi yana kwana nesa da su.

A cikin gidan, ruwa ne babban sha'ani. Ana ɗebo shi daga rijiya ko rafi, a tafasa, a tace, a zuba a randa. Ana shan kwinin kullum, a shiga gidan sauro da wuri, a yi karatu da fitilar kananzir. Abinci rabi na gwangwani ne da aka yo oda daga Legas, rabi na kasuwar ƙauye: dawa da doya da ƙwai da zabi da nonon Fulani. Kusan kowane gida yana da kuku da yaron gida da mai ɗebo ruwa, kuma ba abin mamaki ba ne cewa da yawa daga Kiristocin farko daga cikin waɗannan ma'aikata suka fito. Su ne suka ga Bature cikin fushi da cikin zazzaɓi, suka ga yadda yake yi da matarsa, suka san ko abin da yake faɗa ranar Lahadi shi yake yi ranar Litinin.

Matan mishan sun ɗauki nauyin da ba a cika ambata ba. Matar aure ita ce mai kula da gida, ita ce malamar aji, sau da yawa ita ce ungozoma. 'Yan mata marasa aure da suka zo a matsayin nas-nas ko malamai sukan riƙe tasha su kaɗai, kuma su ne ke iya shiga cikin gida wurin mata inda namiji baƙo ba ya shiga. Mafi zafin abin ga iyali shi ne rabuwa da 'ya'ya. Yaro na kai shekara shida ko bakwai sai a kai shi makarantar kwana a Filato, ko Hillcrest ta Jos da aka buɗe a 1942, ko Kent Academy ta Miyango, wadda aka sa wa sunan Thomas Kent ɗin nan da ya rasu a Bida. Iyaye ba sa ganinsa sai hutu. Limaman Katolika da Sistoci ba su da wannan damuwa tunda ba sa aure, amma suna da tasu: Fada ɗaya ko biyu a gida, ƙauyuka barkatai a wuyansu, da kaɗaici mai tsawo.

Sai harshe, wanda shi ne ƙofar komai. Sabon zuwa yakan fara da Hausa, domin ita ce harshen kasuwa da na mulki, kuma akwai littattafai a cikinta: cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora, ƙamusun Bargery kuma ya biyo baya a 1934. A nan wani abu ya faru da ba a shirya ba. Da yake wa'azi da waƙoƙi da karatun makarantar Littafi duk da Hausa ake yi, sai majami'a ta zama ɗaya daga manyan hanyoyin da Hausa ta bi ta shiga gidajen Kambari da Dukawa da Dakarkari. Amma tsohuwar da ba ta zuwa kasuwa ba ta jin Hausa sosai, kuma abin da ya shafi mutuwa da tsoro da gafara mutum ya fi son ya ji shi da harshen uwarsa. Wannan ya sa daga baya aka koma rubuta harsunan yankin. Kambarci ma ba ɗaya ba ne: na Salka daban, na Agwara daban, na wajen Auna daban, kowanne sai da aka yi masa haruffa da littattafan koyon karatu, aikin da 'yan ƙabilar da kansu suka ɗauki kaso mafi girma a cikinsa.

Magani ne ya fi jawo jama'a. Kafin asibiti akwai baranda, inda ake wanke gyambo, a ɗaure sarar maciji, a ba da maganin zazzaɓi da na ciwon ido. Da aka samu ƙwayar maganin kuturta bayan yaƙin duniya na biyu, ranar karɓar magani ta zama ranar taro. Al'adar ita ce a yi ɗan wa'azi da addu'a kafin a fara duba marasa lafiya. Musulmi da masu gargajiya da Fulanin daji duk suna zuwa, kuma mafi yawansu sun karɓi magani sun koma da addininsu. Duk da haka akwai tambaya ta gaskiya a nan, wadda malaman Musulmi suka daɗe suna yi: shin daidai ne a haɗa wa mai ciwo magani da wa'azi, alhali ba shi da wani wurin zuwa? Irin wannan zargi ne ya sa iyaye Musulmi da yawa suka ƙi kai 'ya'yansu makarantar mishan, kuma giɓin karatun boko da hakan ya haifar ya daɗe ana jin sa.

Wa'azin kansa kalandar manomi yake bi. Da damina kowa na gona, sai da rani ake yawon ƙauyuka, a sauka wurin mai gari a nemi izini, a tsaya ranar kasuwa ko a zauna a dandali da dare da hotuna da waƙa. Bature ba ya iya kai wa ko'ina, saboda haka ainihin masu aikin su ne masu bishara da katikis 'yan ƙasa, waɗanda ke zama a ƙauyen da iyalinsu, su yi noma kamar kowa, su koyar da karatu a ƙarƙashin itace, albashinsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ce zai bi sabuwar hanya kuwa yakan biya tsada. Zai bar sha'anin bautar gargajiya na Magiro da dattawa ke riƙe da shi, wanda ke nufin fita daga shawarar maza. In yana da mata fiye da ɗaya, maganar baftisma takan tsaya. Majami'un UMS da makamantansu sun hana burkutu, abin da ke tsakiyar gayya da biki da makoki, yayin da Katolika suka fi sassauci. Wasu 'yan mishan sun yi gaggawar kiran duk wata al'ada aikin Shaiɗan ba tare da sun fahimce ta ba, kuma an yi asarar kiɗa da waƙoƙi da tarihin baka da bai kamata a rasa ba.

Aikin Katolika ya ɗauki sabon fasali a ranar 15 ga Disamba 1995, lokacin da Fadar Fafaroma ta yanko yanki daga Minna da Ilori da Sakkwato ta ba shi mazauni a Kontagora, ƙarƙashin Timothy Carroll, limamin SMA ɗan Ayilan da ya daɗe cikin Kambari, wanda ya zama bishop a 2002. Tsarinsu ya tsaya kan buƙatun ƙauye: gina rijiyoyi, kiwon lafiya na matakin farko, da ajin yaƙi da jahilci na rani, inda yara da manya ke taruwa na wasu makonni bayan an gama girbi. Rijiya ba ta tambayar addinin mai ɗiba, kuma a yankin da kurkunu da gudawa suka addabi mutane, ta yi wa mishan suna fiye da kowace huɗuba.

Tun shekarun 1970, lokacin da gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan da dama, adadin Turawan ya riƙa raguwa, shugabanci ya koma hannun 'yan ƙasa. Carroll ya ajiye aiki a 2010, kuma a 2012 aka naɗa Bulus Dauwa Yohanna, ɗan yankin Agwara, wanda ya zama bishop na farko na cikakkiyar dayosis ɗin Kontagora a 2020. Baƙin da ke aikin mishan a yankin yanzu galibi 'yan Afirka ne ko 'yan wasu jihohin Najeriya, yayin da limaman Najeriya ke riƙe majami'u a Ayilan da Amurka, suna fama da sanyi da kaɗaici da baƙon abinci. Wahalar zama a karkarar Kontagora ma ta sauya kama. Da can zazzaɓi ne da rashin hanya, yanzu 'yan bindiga ne, waɗanda ba su bar Musulmi ba, ba su bar Kirista ba. A ranar 21 ga Nuwamba 2025 suka shiga makarantar kwana ta St. Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, wadda ke ƙarƙashin dayosis ɗin, suka kwashe ɗalibai da ma'aikata masu ɗimbin yawa, sai a watan Disamba aka kammala sako su. Makarantu irin wannan a ƙauyukan da babu wata makaranta kusa aka gina su, kuma duk ranar da aka rufe ɗaya, 'ya'yan manoman yankin ne ke zama a gida.